Nasiha Ga Muridi A Kan Wuridi Da Lambu Da Haƙƙin Iyali

Da sunan Allah nake farawa, godiya ta tabbata gare Shi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Allah Shi ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijani, wanda ya yi wafati a Fas a shekara ta 1230 ta Hijira, daidai da 1815.

Amma bayan haka, ya ku 'yan'uwana a cikin ɗariƙa, ku sani na rubuta wannan 'yar takarda daga Guri, ƙasar Haɗejiya, domin wani abu da ya auku gare ni a cikin gidana. Na ji kunyarsa, kuma na san ba ni kaɗai nake faɗawa cikin irinsa ba.

Kun san yadda kaka take gare mu. Ruwa ya soma janyewa daga fadama, shinkafa ta nuna, jan-baki yana sauka a kanta kamar hayaƙi, ga irin albasa a reno ya isa dashe, ba ya jiran kowa. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Chalawa a 1992, zuwan ruwa da komawarsa sun sauya daga yadda iyayenmu suka san su, kacalla kuma ta toshe hanyoyinsa, wata gona ta nutse, wata ta bushe. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ba ya wasa da mako guda na girbi. Ban zargi kowa ba a kan himmar neman halali.

To, a cikin irin wannan mako, ran Laraba, na komo gida rana ta yi ja, jikina duk taɓo. Na yi alwala, na zauna domin lazimin maraice. Yatsuna suna jan carbi, zuciyata tana can tana ƙirga buhuna. Akwai wani ɗan lambu da uwar yara ta kewaye da kara a bayan ɗaki, yakuwa da kuɓewa da zogale, da gindin tumatir guda wanda autata take bai wa ruwa da abin da ya saura a buta. Ina cikin salati sai ga yarinyar, ta riƙo abu da hannu biyu, ta ce, "Baba, duba, ya nuna." Na daka mata tsawa, na ƙara da faɗa mai tsawo, cewa ba ta da ladabi, ba ta ga ina wuridi ba. Ta ajiye tumatirin a bakin buzu, ta fita, ko kuka ba ta yi ba.

Ka duba hukuncin, ya kai ɗan'uwa. Sharaɗin lazimi ne barin magana daga farkonsa har ƙarshensa, sai da larura. Idan larura ta zo, mutum ya yi ishara. Idan ishara ba ta wadatar ba, kalma ɗaya ko biyu. Da na ɗaga mata hannu na yi murmushi, da wuridina yana nan. Amma na yi magana mai yawa, wuridin ya ɓaci, sai sakewa daga farko. Ke nan da tsawa guda na ɓata zikirin da nake cewa ina karewa, na kuma ɓata ran marar laifi.

Da na sake na gama, uwarta ta ce mini a hankali, "Malam, tun damina take tsaronsa daga kaji da awaki. Ta ce ba wanda zai fara gani sai kai." Wallahi wannan magana ta fi mini wa'azi da yawa nauyi. Na bincika zuciyata, na tarar ba kishin zikiri ne ya motsa ni ba. Gajiya ce da tsoron asara, rai ya sa musu rigar addini domin in ga kamar ina da hujja.

Fasali. Ku sani Shehu bai ƙuntata mana ba. Lazimi istigfari 100 ne, salati 100, hailala 100, safe da maraice. Zaɓaɓɓen lokacin na safe daga sallar asuba zuwa hantsi ne, na larura har faɗuwar rana. Na maraice daga la'asar zuwa lisha, na larura har ɓullowar alfijir. Wanda ya san sammako zai yi, ya halatta ya gabatar da na safe cikin dare. Wanda ya kuɓuce masa, ramuwa ta wajaba. Wazifa sau ɗaya ta wadatar a yini da dare, kuma wanda yake da taimama ba ya karanta Jauharatul Kamali, sai ya musanya ta da Salatul Fatihi 20. Da na ci tuwo, na gaisa da iyalina, na zauna bayan lisha da zuciya a kwance, da ban fita daga lokaci ba. Ni na zaɓi in yi shi cikin gaggawa, kamar mai sauke kaya daga kan jaki.

Wannan ba izini ba ne ga jinkiri babu dalili. Na san waɗanda suke jingina da girbi har wuridin mako ya taru a kansu, sa'an nan su ji nauyinsa, su bar shi gaba ɗaya, Allah Shi tsare mu. Wanda ya karɓa ya ɗauki alkawari har mutuwa.

Amma malamanmu sun sanar da mu cewa wannan ɗariƙa ta godiya ce, ba a sharɗanta mana halwa ko gudun mutane ba. To, a kan me mutum zai gode idan ba ya ganin ni'ima sai ta cika buhu? Sanyin ruwan randa bayan yankan shinkafa, ƙamshin miyar yakuwa, yaro da ya koyi ɗaure akuya da kansa, duka aike ne daga Ubangiji zuwa ƙofar gidanka. Ni kuwa an aiko mini da guda a hannun 'yata, ina tsakiyar ambaton Mai aikowa, na kore ta.

Daren nan na kira ta, na ce, "'Yata, ki yafe mini, ni na yi kuskure." Muka raba tumatirin biyu, muka barbaɗa gishiri, muka ci. Na koya mata cewa idan ta ga carbi a hannuna ta zauna kusa da ni har in shafa. Ran Juma'a, kafin in fita zikiri bayan la'asar, na tsaya na kafa wa gindin tumatirin sanda, domin 'ya'yansa sun yi masa nauyi.

Allah Shi gafarta mini da ku da iyayenmu da malamanmu, Shi sa albarka a gonakinmu da zuriyarmu. Tammat.