Gida naka, makulli a hannun magini

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Amma zamani ya zo da wani irin kaya da ba aro ba ne, ba kuma cikakkiyar mallaka ba: mutum ya biya kuɗinsa lakadan, alhali wani ɗaki na ciki yana kulle, makullin kuwa na hannun wanda ya ƙera. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana cikin irin wannan kaya.

Da zarar an kunna ta, kafin Windows ko Linux su farka, akwai wata manhajar tushe da ke tada sassan na'urar, wadda ake kira BIOS ko UEFI. A mafi yawan kwamfutoci, kamfani kaɗai ya san abin da aka rubuta a cikinta. An fara aikin LinuxBIOS a Amurka a 1999, wanda ya koma coreboot a 2008: manhajar tushe da kowa ke da damar karantawa da gyarawa.

Sai dai mai neman irinta yana son abu uku: sabuwa, mai araha, buɗaɗɗiya. Da wuya ukun su taru. Tsohuwar ThinkPad X200 ta 2008 tana buɗuwa sarai, amma ƙarfinta na wancan zamani ne. Daga 2013 Intel ya fito da Boot Guard, wanda idan an kunna shi, na'ura ba ta amsar manhajar da ba ta ɗauke da hatimin kamfani. Kamfanoni irin su System76 da Star Labs suna saida sababbi masu coreboot, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin malamin makaranta a Maraɗi ko Damagaram, kuma ko su ba su rabu da wasu rufaffun sassa na Intel ba. Chromebook tana da araha, tana da coreboot, amma an ɗinka ta ne daidai da hidimomin Google.

A nan tambaya take: ƴancin da sai mai hali ke iya saye, ƴanci ne ko ado?

Wani zai ce wanda bai iya karatun manhaja ba, ina ruwansa da buɗe ta? Amsar tana kasuwa. Ba kowane mai sayen hatsi ke auna tiya da kansa ba, amma da yake awo a bainar jama'a ake yin sa, mai algus yana tsoron idon wanda ya sani, wanda bai sani ba kuma ya ci albarkacinsa. Amana da ake iya bincikawa daban take da amanar dole. Haka nan, ranar da kamfani ya daina gyaran manhajar wata na'ura, rufaffiya sai ta tsufa da aibinta, buɗaɗɗiya kuwa wasu na iya ci gaba da kula da ita. Wanda ke sayen ta hannu shi ya fi kowa buƙatar wannan.

Saboda haka babu zargi a kan talakan da ya sayi abin da aljihunsa ya iya. Nauyin yana kan masu saye da yawa, wato makarantu da ƙungiyoyi da gwamnatoci, domin su ne mai ƙira ke saurare. Idan suka tambayi kuɗin kaya, ya kamata su tambayi makulli.