Yaron da Ba Shi da Na Gaba

Akwai wata tambaya wadda ta kan taso mana kowace shekara, da zarar an gama girbi, yara kuma suka soma zancen jarrabawar shiga jami'a. Tambayar ita ce, idan hukuma ta buɗe ƙofar makaranta, ta ce duk mai iyawa ya shiga, ko ta gama yin adalci ke nan? Muna so mu duba wannan magana daga nan ƙasar Rogo, gama a nan akwai gidaje da yawa waɗanda yanzu ne su ke fitar da ɗansu na fari da ya gama sakandare. Ubansa manomi ne, kakansa ma haka. Yayyensa sun tsaya a firamare, ko kuwa sun tafi cin rani. Shi wannan yaro ba shi da na gaba a kan wannan hanya.

Bari mu fara da abin da hukuma ta yi, domin kada a ce mun rena ƙoƙarinta. A shekarar 1978 aka kafa hukumar JAMB, domin a riƙa yi wa dukan masu neman shiga jami'a jarrabawa ɗaya. Akwai kuma ƙa'ida wadda aka daɗe ana bi wajen raba gurabe a jami'o'in gwamnatin tarayya. Kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi maki ne, ko daga ina suka fito. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar ne. Sauran kashi 20 an keɓe su domin jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko, Kano kuwa tana cikinsu. Ashe yaron Rogo yana da rabo a Jami'ar Bayero ta Kano, yana da shi kuma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta fi birnin Kano kusa da mu.

Akwai masu gunaguni a kan wannan ƙa'ida, musamman a kudancin ƙasa. Suna cewa, ƙaƙa za a bar yaro mai maki da yawa a waje, a shigar da wanda bai kai shi ba, don kawai sunan jiharsa? Ba mu ce maganarsu wofi ce ba. Yaron da aka bari a waje bai yi laifin kome ba, ɓacin ransa kuwa na gaskiya ne. Amma maki ba ya nuna ƙwaƙwalwa kaɗai. Yana nuna irin makarantar da yaro ya yi, da littattafan da ya samu, da ko yana da fitilar karatu da dare. Wanda ya yi tsere da nauyi a ka, ya iso bayan wanda ya zo hannu sake, ba a gane gudunsa ta wurin duban wanda ya riga isowa. Domin haka muna ganin ƙa'idar tana da hujja.

Sai dai akwai wani abu wanda ba a cika faɗi ba. Ƙa'idar ta san jihohi, ba ta san gidaje ba. A ce ga yara biyu, dukansu 'yan Jihar Kano. Ɗaya ɗan malamin jami'a ne, an haife shi cikin birni, ya tashi yana jin zancen digiri a bakin tuwo. Ɗayan ɗan wani manomi ne a Fulatan ko Zarewa, wanda ya kan yi tafiya mai nisa kafin ya kai aji, da damina kuma sai ya taɓa noma kafin ya tafi. A kan takarda su biyun ɗaya ne, dukansu 'yan jihar da aka bari a baya. To, a cikinsu wa zai ci gurbin da aka keɓe? Kowa ya san amsa. Taimakon da aka yi domin na baya ya kan faɗa hannun wanda ya riga ya ke gaba cikin na bayan.

Mene ne ɗan malamin ya ke da shi wanda ɗan manomin ba shi da shi? Za ku ce kuɗi, gaskiya ne kuwa. Amma akwai abin da ya fi kuɗi ɓuya, shi ne sanin hanya. A nan za mu ɗan daɗe, gama a nan ne yaranmu su ke faɗuwa, ba wanda ya gani.

Ana soma shiga jami'a tun daga aji huɗu na sakandare, ranar da aka ce wa yaro ya zaɓi ko kimiyya ko fasaha. Wanda ya ke so ya zama likita dole ya rubuta Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji a jarrabawar JAMB. Idan makarantarsu ba ta da malamin fiziks, ko kuwa shi ya bar darasin domin abokansa sun bari, an rufe masa ƙofar likitanci shekara uku kafin ya ƙwanƙwasa, shi bai sani ba. Haka kuma mai son karatun shari'a, a yawancin jami'o'i ana neman ya ci adabin Turanci. Bayan wannan sai a nemi kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Turanci, a fannoni da yawa kuma har da lissafi. Yaro ya kan zo da kiredit bakwai yana murna, a gida ma a yi ta sa masa albarka, alhali lissafi ba ya ciki.

Tun 2015 da kwamfuta a ke rubuta jarrabawar JAMB duka. Darussa huɗu ne, makinsu 400. Yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, rabin hankalinsa yana kan na'urar, rabi yana kan tambaya, agogo kuwa ba ya jiransa. Tun 2021 ba a yi wa kowa rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, sunan da ke kanta kuma ya kamata ya zama daidai da wanda ke kan takardun makaranta. Mu kuwa mun san halinmu a ƙauye: a firamare an rubuta yaro da sunan ubansa, a sakandare da sunan kakansa ko na garinsu, ranar haihuwa kuma ƙiyasi aka yi. Wannan ɗan bambanci ya isa ya tsai da shi. Har lambar wayar da aka yi rajista da ita abin kulawa ce, gama ta nan saƙo ya kan zo. Idan ta mai shago ce, ko layin ya ɓace, sai labari ya wuce yaron.

Ga wani abu kuma mai ban tausayi. Tun 2017 hukumar JAMB ta sa dukan ɗaukar ɗalibai ta riƙa bi ta shafinta na intanet. Sai yaro ya sa sakamakon jarrabawarsa ta sakandare a can kafin a duba shi. Idan an ba shi gurbi, sai ya shiga da kansa ya ce ya karɓa. Ba mai aiko da wasiƙa ƙofar gida. Yana yiwuwa a ba yaro gurbi yana gona yana yankan dawa, lokaci ya wuce, shi da iyayensa su ce Allah bai nufa ba. Wannan shi ne kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Ba ɗaya cikin waɗannan abubuwa da ke asiri. Duk a rubuce su ke. Amma ɗan malami ba ya bukatar ya karanta su, gama uwarsa ta sani, wansa ya bi ta nan bara. Gādo ne kamar gona, sai dai shi ba a raba shi gaban alƙali, mai shi ma bai san yana da shi ba. Shi ya sa idan ya ci ya kan ce ƙoƙarina ne, idan ɗan manomi ya fāɗi a ce ba shi da kai.

Waɗansu ƙasashe sun lura da wannan. A Amurka, tun wajen 1965 gwamnati ta soma wani shiri mai suna Upward Bound, domin 'yan sakandare na gidajen matalauta. A kan koya musu darussa bayan an tashi makaranta, da hutu kuma a kai su su zauna cikin jami'a 'yan makonni, a nuna musu yadda a ke cika takardun neman shiga. Daga 1980 dokarsu ta ambaci yaron da iyayensa ba su da digiri, ta sa shi cikin waɗanda a ke nema musamman. Ba mu kawo wannan don mu ce kome nasu daidai ne ba. Abin lura kawai shi ne, su gidan yaron suka tambaya.

A nan ƙasarmu ma akwai taimako, kada mu yi butulci. Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fagen shiga jami'a a Funtuwa, ba nisa da mu, domin yaran Arewa waɗanda sakamakonsu bai cika ba. Akwai karatun IJMB, wanda idan yaro ya ci sai ya shiga jami'a daga aji biyu. Jihar Kano tana da hukumar ba da tallafin karatu. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta kafa asusun ba ɗalibai rance, wato NELFUND. Ba ruwa a kan rancen. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ba a soma biyan bashin sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Amma ku lura, rancen na wanda ya riga ya sami gurbi ne a makarantar gwamnati. Wanda ya ɓace tun a hanya ba zai kai inda a ke rabon ba. Neman rancen kansa ma ta intanet a ke yi, da lambobi iri iri da asusun banki. Ko taimakon ma sai da ɗan jagora.

To, alhakin wa ke nan? Hukuma tana da nata, muna kuwa fata wata rana za ta tambayi gidan yaro kamar yadda ta ke tambayar jiharsa. Amma ba za mu zauna jiran wannan rana ba, gama yaran bana ba za su koma ƙanana ba. A ganinmu babban alhaki yana wuyan waɗanda suka riga suka haye. A kowace ekklesiya tamu, ko ta ƙauye ce, da wuya a rasa malamin makaranta ɗaya, ko ma'aikaciyar asibiti, ko wani ɗan gari da ke aiki a Kano ko Kaduna, yana zuwa gida da Kirsimati. Abin da ke cikin kansu, wanda su ke gani ba kome ba ne, shi ne abin da yaron nan ya rasa.

Wani zai ce, ni wa ya nuna mini? Da kaina na sha wuya, shi ma ya sha tasa, haka a ke zama namiji. Mun ji wannan magana sau da yawa, ba mu yarda da ita ba. Da fari dai, ba gaskiya ba ce. Idan ya tuna da kyau zai sami wani hedimasta da ya cika masa takarda, ko wata gwaggo da ta sayar da akuya. Manyan da mu ke alfahari da su ma haka ne. Dokta Barau Dikko, likita na fari daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, dukansu ta makarantar Wusasa suka bi, inda akwai malamai da suka san makarantar gaba, suka san kuma yadda a ke shigarta. Na biyu kuma, wuyar da ke gina mutum dabam ta ke da wuyar da ke ɓata masa shekara a banza. Yaro ya tashi da asuba ya yi karatu, wannan wuya ce mai amfani, ba mai ɗauke masa ita. Amma ya rasa shekara guda domin ba wanda ya gaya masa ya duba shafin hukuma, wane hali wannan ya gina?

Akwai kuma abin da ya fi ƙin taimako muni, ko da shi ke ya fi shi kyan gani. Shi ne mutum ya taimaki ɗansa da ɗan ɗan'uwansa, ya rufe baki ga na maƙwabci, don kada gidan wancan ya kamo nasa. Sanin hanya ba hatsi ba ne da zai ragu in an ɗiba. Kada kuma mu tsaya ga yaran ekklesiya kaɗai. Ɗan maƙwabcinmu Musulmi, wanda ubansa ma bai yi boko ba, ramin da ke gaban namu shi ke gabansa.

Ku iyaye, kuna da naku. Rashin karatu bai hana ku tambaya ba, matambayi kuwa ba ya ɓata. Ku kama hannun yaron tun yana aji uku, ku kai shi wurin wanda ya sani, ku ce a duba muku darussan da zai ɗauka. Kada ku ce sai jami'a ko a fasa. Kwalejin horon malamai, da makarantar koyon aikin jinya, da kwalejin fasaha duk ƙofofi ne, mutane da yawa ta nan suka bi har suka kai digiri. Idan kuwa 'ya mace ce ta fari a gidan da ta kai nan, ku sani nata ya fi wuya, gama ita ban da rashin na gaba, akwai masu ja da ita baya, suna ƙirga mata shekaru.

Sa'anda yaron ya shiga, ku yi masa sauƙi. Mun ga gidajen da tun yaro yana aji ɗaya a jami'a aka soma aika masa da bukatun gida, sai ka ce albashi ya ke ɗauka. Shi kuwa yana can yana fama da Turancin malamai, yana jin kunyar rigarsa, ba ya iya gaya muku, domin kun riga kun gaya wa gari duka ɗanku yana jami'a. Shekarar fari ita ce mai haɗari ga irinsa. Idan akwai wani ɗan garinmu a aji uku ko huɗu a makarantar, a haɗa su tun ranar da zai tafi.

Hukumar JAMB ta kan buɗe rajista a farkon shekara, 'yan makonni kaɗai, ta rufe. Lokacin nan kuɗin kaka ya soma ƙarewa a gidaje da yawa, an yi biki, an biya bashin taki. Gidan da ke da ɗan aji shida, ya ware buhun masara ɗaya tun a masussuka, a ce wannan na jarrabawa ne, kada a taɓa. Gyaran suna a kan lambar ɗan ƙasa kuma ya kan ɗauki lokaci, gara a soma shi tun kafin Kirsimati.