Haɗama Ba Ta Raya Kasuwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tsarnawa ko Galmi lokacin da albasa ta shigo kasuwa ya san yadda gari ke cika. Manyan motoci jere a bakin kwalta, ga masu ɗinkin buhu, ga 'yan dako, ga dillalai, ga masu tuwo da masu shayi, kowa na samun na cefane a gindin albasa. Daga nan kaya ke kama hanyar Abijan, Akara, Lome da Kwatano. A irin wannan dandali ne na sha jin wata magana da ta daɗe tana ci mini rai. In an kawo zancen mai ɓoye hatsi ko mai algus a buhu, sai wani ya ce, "Malam, ai kasuwa ce. Ko ba komai, baki nawa ke ci a ƙarƙashinsa?"

Wannan magana ta girmi masu faɗinta. Shekara ɗari uku da suka wuce wani likita mutumin Holan, Bernard Mandeville, ya mayar da ita littafi sukutum. An haife shi a Rotadam a 1670, ya yi karatu a jami'ar Leiden, ya zama likita a 1691, sannan ya koma Landan da zama yana duba masu ciwon ciki da masu fama da ƙuncin rai, har rasuwarsa a 1733. A 1705 ya fitar da wata waƙa a kan amyar ƙudan zuma. A 1714 ya sake buga ta da dogon sharhi, ya sa wa littafin suna Tatsuniyar Ƙudan Zuma.

Ga yadda tatsuniyar take. Akwai wata amya mai yalwa da ƙarfi, amma kowane ƙudan da ke ciki yana da tasa cutar: lauya na jan shari'a, likita na son kuɗi fiye da lafiyar majinyaci, ɗan kasuwa na ha'inci, mai arziki na almubazzaranci. Kowa na yi, kowa kuma na kukan an yi masa. Sai ubangijinsu ya fusata, ya mayar da su masu gaskiya a dare ɗaya. Nan take kotuna suka bushe, maƙera masu yin kwaɗo suka rasa ciniki, masu sayar da kayan ado suka nannaɗe tabarma. Amya ta tsiyace, 'yan kaɗan da suka rage suka koma cikin kogon itace. Darasin da ya fitar shi ne munanan halayen ɗaiɗaikun mutane su ke kawo wa jama'a arziki, muddin akwai shugaba mai dabara da zai iya sarrafa su.

Mutanen zamaninsa ba su ƙyale shi ba. A 1723 masu taimaka wa alƙali na gundumar Middlesex suka ayyana littafin a matsayin abin da ke cutar da jama'a. Wasu suka karkatar da sunansa ya koma mai ma'anar mutum-shaiɗan. Adam Smith, wanda ake kira uban ilimin tattalin arziki, ya soki tunaninsa a 1759, ko da yake ya yarda akwai ɓurɓushin gaskiya a ciki.

Ni ma na yarda da ɓurɓushin. Manomin da ke tashi da asuba ya ba garkarsa ruwa a kwarin Maggiya, riba yake nema. Wanda ya zuba albasarsa a rudu ya jira farashi ya ɗaga, yana ɗaukar asarar wadda za ta ruɓe, shi ma riba yake nema, kuma jiransa na sa a sami albasa a kasuwa bayan kakarta ta wuce. Ɗan ci-rani daga Illela da ya tafi Abijan ko Legas ya dawo ya yi ginin siminti ya ba magina aiki. Babu wanda zai ce wannan nema laifi ne. Addininmu ya yaba shi, al'adarmu ta ɗaukaka shi. Kuskuren Mandeville shi ne ya zuba neman na kai da haɗama a tukunya ɗaya, ya kira su duka mugun hali, sannan da ya ga amfanin na farko sai ya raba ladan da na biyu.

Ana gane haɗama da abu ɗaya: ribarta daga asarar wani take fitowa. Mai nema yana ƙara wa kasuwa abin da babu a cikinta jiya. Mai haɗama yana kwashe abin da ya tarar, ya bar wa na baya rami.

A duba yadda cinikin albasa ke tafiya. Manomi kan ba da kayansa bashi, dillali ya tsaya masa, mota ta yi kwanaki a hanya, kuɗi su dawo bayan an sayar a bakin teku. Sau da yawa babu takarda a tsakani, sai baki da sanin asali. Mai saye a Akara ba ya zazzage kowane buhu, domin sunan Galmi ya ishe shi shaida. Ranar da wani ya jera manya a sama ya cusa ruɓaɓɓu a ƙasa, ribar da ya ci ta fito ne daga aljihun manoma dubbai da suka gina wannan suna da guminsu. Idan irinsa suka yi yawa, mai saye zai karya farashi a kan kowa, na kirki da mugu. Amana ce jarin kasuwar, shi kuwa a jikinta yake yanka yana ci.

Mandeville ya taɓa kawo misali da gobarar Landan ta 1666, ya nuna cewa masu murna da ita a cikin kafintoci da magina za su iya kai masu kuka yawa. Mu mayar da misalin gida. Mai buga bulo ya sayi buhun simintin Malbaza, ya cika masa yashi don ya fitar da bulo fiye da ƙima. Damina ta zo, katanga ta faɗi. A lissafin Mandeville magini ya sake samun aiki, an sake sayen siminti, kasuwa ta motsa. Amma kuɗin da mai gida ya sake kashewa na maganin matarsa ne, ko na akuyar da zai sai wa 'yarsa. Ƙarshe dai katanga ɗaya ce a tsaye, an biya kuɗin biyu.

Inda haɗama ta fi bayyana fuskarta shi ne a baƙar shekara. Mutanen jihar Tawa ba su manta 2005 ba. Fari da fara sun ci amfanin gonar 2004, kafin tsakiyar damina farashin hatsi ya ninka. Abin da ya fi ciwo, hatsin yana nan a kasuwa, ana ganinsa da ido, talaka ne ba ya iya saye. Na ga wata maƙwabciyarmu ta sayar da tunkiyarta ta ƙarshe a kuɗin da bai kai na 'yan tiyoyi ba, alhali akwai ɗakunan da ke kulle da buhuna ana jiran farashi ya ƙara hawa. An sake ganin irin wannan hali bayan rufe iyaka a 2023, lokacin da motoci suka daina ƙetarewa tsakanin Birnin Konni da Illelar Sakkwato, shinkafa ta yi tsada. Wanda ya jira da albasarsa ya tsare wa kasuwa kayan miya ne. Wanda ya kulle hatsi ana yunwa, da cikin yara yake ciniki.

Shi kansa Mandeville ya tona wa tunaninsa asiri. A bugun 1723 ya ƙara wata maƙala yana sukar makarantun sadaka da ake buɗe wa 'ya'yan talakawa. Hujjarsa ita ce ƙasa mai arziki na buƙatar ɗimbin matalauta masu aikin wahala, kuma in suka yi karatu za su raina aikin. Ashe amyar da ya yaba ba ta tsayuwa sai an bar mafi yawan ƙudan cikin jahilci da buƙata. Wannan ita ce amsar tambayar mutumin kasuwa. Gaskiya ne akwai bakunan da ke ci a ƙarƙashin mai haɗama. Sai dai a ƙirga har da waɗanda ya hana ci, waɗanda ba sa zuwa dandali balle a ji muryarsu.

Mu a nan ba mu rasa ma'auni ba. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a 1754, wanda ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da cin dukiyar talaka. Akwai sura guda a Alƙur'ani da ta ɗauki sunanta daga masu tauye mudu. Yaran makarantar allo ma sun ji labarin ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi. Abin da ya rage mana shi ne mu daina yi wa haɗama kirari. Mun saba kiran mai ha'inci "mai wayo", mu ba shi sahun gaba a wurin ɗaurin aure, yaranmu na kallo suna koyo.

Kai da ke riƙe da tiya a kasuwar Badagishiri, da kai da ke ɗinke bakin buhu a Galmi, ku nemi riba iyakar ƙoƙarinku, Allah ya sa albarka. Amma kafin allura ta rufe buhun, ka tuna wata mace ce za ta kwance shi a can nesa, ba ta san ka ba, ta biya kuɗinta ne don ta yarda da sunan garinku. Ka bar mata ƙasan buhu daidai da samansa.