Hakkin Gawar Baƙo

Garin Gadarif yana gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha. Ƙasar dawa ce da riɗi, Hausawa kuwa sun daɗe da zama can, tun zamanin da ake bin hanyar Makka da ƙafa. A shekara ta 1994 aka kafa jami'a a garin, tana kuma koyar da aikin likita. A irin wannan makaranta akwai ɗaki guda inda ɗalibai suke feɗe gawar mutum domin su san yadda jiki yake.

Irin wannan ɗaki yakan tsufa. In an tashi gyaransa, akan sa tebura na ƙarfe marar tsatsa, a gyara magudanar ruwa, a kafa na'urar fitar da iska, gama fomalin da ake adana gawa da shi yana cin ido da huhu. Duk wannan daidai ne, amma domin masu rai ake yinsa. Wanda yake kwance bisa tebur fa, mene ne hakkinsa?

A ƙasashe da yawa, gawar da ba wanda ya zo nema ita ake kai wa ɗalibai. Haka Ingila ta yi da dokarta ta 1832, nauyin kuwa ya faɗa kan matalauta. Gadarif garin baƙi ne: 'yan ƙodagon gona, da waɗanda suka gudo daga Tigirai a 2020, da waɗanda yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya kora. Baƙo shi ya fi saurin mutuwa ba dangi a kusa.

Wani zai ce matacce ba ya jin zafi, likitan da bai san jiki ba kuwa zai yi ɓarna a kan masu rai. Gaskiya ne, don haka koyon ba zunubi ba ne. Amma Littafin Farawa ya koyar cewa cikin siffar Allah aka halicci mutum, talauci da baƙunci ba sa share wannan siffa. Yusufu mutumin Arimatiya ya yi ƙarfin hali ya roƙi Bilatus jikin Yesu, ya sa shi a kabarin da ya sassaƙa wa kansa, ko da yake a idon hukuma gawar mai laifi ce.

Saboda haka gyaran bai cika ba sai an sa matattu cikin lissafi. A ajiye littafin da za a rubuta inda aka samo kowace gawa, a ba dangi lokaci su zo nema, a rufe jiki da mayafi bayan darasi, a kuma ware kuɗin jana'iza kamar yadda aka ware na fenti. Ɗalibin da ya koyi girmama wanda ba zai iya kai ƙara ba, shi ne zai kula da matalauci marar gata ranar da aka kawo masa shi asibiti.