Abin Lura: Mai Ƙaramin Ƙarfi Ya Matso Kusa

Idan aka gama girbi a Rogo Sabon Gari, aka kwashe dawa da masara, kara ya bushe a gona, za ka fara jin ƙaho da gangi da haushin karnuka tun da asuba. Lokacin farauta ya zo ke nan. A irin wannan lokaci ne na tarar da wani dattijon maharbi a gindin darbejiya yana goge bindigarsa, ƙirar maƙeran gida, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, yara kuma suna kiran ta harbi-ka-ruga. Bayan mun gaisa na ce masa, "Baba, wannan daga ina zuwa ina take kaiwa?"

Ya ɗaga haɓa ya nuna mini wata ɗorawa da ba ta wuce taku arba'in ba. Ya ce, "Ɗana, daga nan zuwa can, nama nawa ne in Allah Ya yarda. Abin da ya gota ɗorawar nan kuwa na daji ne. In na ɗana kunama a kansa, ko dai na yi asarar albarushi, ko na raunata dabba ta je ta mutu a inda ba wanda zai ci."

Maganar nan ta dawo mini sa'ad da na ci karo da muhawarar da mafarautan Amurka da Turai suke yi a kan wani irin harsashi da aka rage wa gudu da gangan. Ƙara tana tafiya a iska da gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Harsashin babbar bindigar farauta yakan fita da gudun mita 800 zuwa 900, na AK-47 kuwa wajen mita 715. Duk abin da ya tsere wa ƙara a gudu yakan keta iska da wata irin tsawa kamar ta bulala, ban da fashewar da ake ji a bakin bindiga. Domin a kauce wa wannan tsawa aka ƙera harsashin da gudunsa yake tsayawa a wajen mita 310 zuwa 320. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne samfurin .300 Blackout, da aka yi wa rajista a Amurka a 2011. Idan aka haɗa shi da abin rage ƙara, kunnen maharbi yana hutawa, maƙwabta ba sa firgita, garke ma bai cika watsewa ba.

To amma sauƙin ƙarar nan yana da farashi, kuma Bahaushe ya riga ya faɗe shi: komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Da zarar harsashi ya bar bakin bindiga, ƙasa ta fara jan sa, kuma ba ruwanta da mai sauri ko mai nawa. Abin da take ƙirgawa shi ne lokacin da ya ɓata a iska. Galileo ɗan Italiya ya yi bayanin wannan lanƙwasa tun a 1638. Mai gudun mita 850 yana cin mita 100 kafin ƙiftawar ido, sai ya sauka da kamar santimita 7, faɗin yatsu huɗu. Mai tafiyar sannu yana bukatar kusan sulusin daƙiƙa, sai ya sauka da rabin mita, kamu guda cur. Idan nisan ya kai mita 200, saukarsa ta haura mita biyu, ta fi tsayin mutum. Nisa ya ninka sau biyu, sauka ta ninka sau huɗu. Wanda ya yi kuskuren taku ashirin wajen ƙiyasta nisa, sai ya auna ƙirji ya samu ƙafa.

Haka abin yake a wajen ƙarfin duka. Idan aka rage gudu da rabi, ƙarfin da ya rage rubu'i ne kawai. Shi ya sa ake ƙara wa irin wannan harsashi nauyi har wajen giram 14, duk da haka ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na harsashin farauta mai giram 10 da ke gudun mita 850 ba. Harsashin farauta na yau da kullum kuma sai da gudu yake buɗewa a jikin dabba ya kashe ta nan take. Saboda haka mafarautan can da suka san abin da suke yi suna faɗin abin da dattijon Rogo ya faɗa mini: ka san iyakarka, kada ka wuce ta.

Irin waɗannan bindigogi ba sa hannun maharbanmu. Dokar makamai ta 1959 ta sa lasisin bindigar da ake ɗurawa ta baki a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, manyan kuwa sai daga sama. Sai dai ilimin da Bature ya auna da na'ura, maharbinmu ya gaje shi tun zamanin baka da kibiya. Kibiya ba ta ko kusa da harsashi a gudu, lanƙwasarta ma da ido ake ganin ta. Me kakanninmu suka yi? Suka shafa mata dafin kwankwani domin ya cike gurbin ƙarfi, sannan suka koyi sanɗa. Maharbi ya ɗaura burtu a ka, ya durƙusa, ya bi ta inda iska ba za ta kai wa gada warinsa ba, yana rarrafe yana tsayawa, ƙaya tana sukarsa bai ce uffan ba, har ya iso inda kibiyarsa ba za ta ci amanarsa ba. Rabin yini yana iya ƙarewa a kan harbi ɗaya. Addini ma ya tsaya a kan wannan, domin a hadisin Adiyyu ɗan Hatim an halatta abin da makami ya huda, an hana abin da ya buge da gefensa ya mutu. Farauta amana ce, raunata dabba a banza kuwa zalunci ne.

Abin lura a nan shi ne, ƙarancin ƙarfi ba aibi ba ne. Aibin yana ga wanda bai san iyakar abin da ke hannunsa ba. Yawancinmu masu ƙaramin ƙarfi ne: jarinmu kaɗan, muryarmu ba ta kai fada ba, maganarmu ba ta da tsawa. Amma dubi yadda muke yi da ita. Uba yana Kano ko Legas yana nema, ya shekara bai zauna da ɗansa ba, sai ya ji labarin yaron ya fara bin abokan banza, ya ɗauki waya ya zazzaga masa faɗa na minti biyar, yana zaton ya gyara. Faɗan ya faɗi a hanya. Wani ya ga ɗan'uwansa ya yi kuskure, gidansu katanga ɗaya, maimakon ya yi sallama ya shiga zaure sai ya hau Facebook ya yi habaici. Wannan shi ne harbin da ya gota ɗorawa. Ya taɓa mutum, bai gyara shi ba, ya bar shi da rauni ya shige duhuwa yana jinyar kunya da gaba, wataƙila har abada.

Nasiha tana da halin harsashi mai tafiyar sannu. Ba ta firgita unguwa, ba ta tona asiri, amma ba ta da dogon zango. Mai son ta isa zuciya sai ya yi sanɗar maharbi: ya zo gaisuwa ran da ba shi da wata magana, ya halarci suna da ta'aziyya, ya san damuwar mutum kafin ya san laifinsa, ya jira ranar da iska ta kwanta. Idan ya matso haka, kalma uku a hankali sun wadatar. Haka mai jarin buhu biyar na masara, ya fara da kasuwar da ya san dillalanta da ma'auninta kafin ya hango babbar kasuwar Dawanau.

Da zan tashi na sake tambayar dattijon, "Baba, in barewa ta tsaya a bayan ɗorawar fa, ta ƙi matsowa?"

Ya rataya bindigarsa ya ce, "Ai ba ita za ta matso ba, ɗana. Ni zan matsa. In na kasa, in bar ta ta tafi da lafiyarta, gobe ma rana ce."