Tikitin Gidan Namun Daji: Wa Ke Biyan Ragowar Kuɗin?

A 'yan shekarun nan, mutanenmu na Sabo da Allah ya hore wa sun fara haɗa tafiyar kasuwanci da hutun iyali. Alhaji zai je Dubai saro kaya, sai ya ɗauki uwargida da yara, a kwana biyar ko shida. Idan an gama zagayen kasuwar zinariya ta Deira da manyan kantuna, abin da yara ke naci a kai shi ne a kai su kallon dabbobi. Daga nan sai hotuna su cika waya: ga yaro yana miƙa wa raƙumin dawa ganye, ga yarinya ta rungumi dolfin, ga Alhaji kansa da ɗan zaki a cinya yana murmushi.

Babu wanda zai ce faranta wa iyali laifi ne. Amma akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu kafin mu miƙa kuɗi a taga: wannan nishaɗin da muka saya, kuɗinmu kaɗai ne ya biya shi, ko dabbar ma ta biya wani abu daga jikinta da rayuwarta?

Malamai kan kawo hadisai biyu idan ana wannan magana. Na farko shi ne labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Na biyu shi ne na Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da ke da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Annabi (SAW) kuma yana tambayarsa labarin tsuntsun cikin raha. Daga nan malamai suka fahimci cewa ajiye dabba ya halatta, da sharaɗin kada a cutar da ita. To, ashe gardamar ta koma kan kalma ɗaya: mene ne cutarwa? Yunwa da duka kaɗai ne, ko akwai wadda ido ba ya gani?

Labarin Tilikum ya isa amsa. Tilikum namijin orka ne, wato babbar dabbar tekun nan mai baƙi da fari, wadda ke rayuwa cikin dangi kamar mutane, tana ninkayar kilomita masu yawa a yini. An kamo shi a gaɓar Iceland a 1983 yana ɗan shekara biyu, aka raba shi da uwarsa. Ya ƙare a wurin shaƙatawa na SeaWorld da ke Orlando a Amurka, inda dubban mutane ke biyan kuɗi su ga yana tsalle yana watsa musu ruwa. Ana ba shi abinci, likitoci kuma na kansa. Amma dabbar da ta haura tan 5 tana zaune a kwatarniyar siminti, tana kai da komo tsakanin bango da bango. A watan Fabrairun 2010 ya ja mai horar da shi, Dawn Brancheau, cikin ruwa, ta mutu. Fim ɗin Blackfish da ya fito a 2013 ya tona yadda rayuwarsa ta kasance, mutane suka fara ƙaurace wa wurin, har kamfanin ya sanar a 2016 cewa ya daina kiwon orka don su hayayyafa. Shi ya sa reshen SeaWorld da aka buɗe a Abu Dhabi a 2023 babu orka ko ɗaya a cikinsa. Ka lura, ba wa'azi ne ya canza kamfanin ba. Masu sayen tikiti ne suka ja baya.

Haka nan hoton da ake ɗauka da ɗan zaki ko ɗan damisa. Wace uwa ce a dawa za ta bari baƙo ya ɗauki ɗanta ya ɗora a cinya? Sai an ƙwace shi tun yana jariri. Bayan 'yan watanni zai yi girman da ba a iya rungumarsa, sai a nemo wani. Shi kuma wancan ina ya tafi? A 2016 hukumomin Thailand sun kai samame wani shahararren wurin ɗaukar hoto da damisa a lardin Kanchanaburi, suka kwashe manyan damisa fiye da 130, suka kuma tarar da gawar jarirai 40 a cikin firji. Masu yawon buɗe ido da suka yi shekaru suna tururuwa wurin ba mugaye ba ne, hoto kawai suke so. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren, domin shi ma yana da nauyi. Akwai dabbobin da ba don gidajen namun daji ba, da yanzu sai dai a ba da labarinsu. Maririn Larabawa, farar dabbar nan mai dogayen ƙahonni, mafarauta sun ƙarar da shi a dawa a 1972. 'Yan kaɗan da aka tara a gidan namun daji na Phoenix a Amurka tun farkon shekarun 1960 su ne suka hayayyafa, har aka mayar da zuriyarsu hamadar Oman a 1982. Ga kuma wanda ya fi kusa da mu: maririn Sahel mai lanƙwasassun ƙahonni, wanda a da yake kiwo a Nijar da Chadi. A shekarar 2000 aka ayyana cewa ya ƙare a dawa. Daga garken da aka tara a Abu Dhabi, wanda aka haɗo daga gidajen namun daji na ƙasashe daban-daban, aka fara mayar da shi gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim na Chadi a 2016, kuma yanzu yana haihuwa a can da kansa. Wannan ai ba ƙaramin alheri ba ne.

Sannan ga ilimi. Yaron da aka haifa a Ibadan ko Legas, zakin da ya sani shi ne na tatsuniyar Gizo da na talabijin. Gani ya kori ji. Wanda ya tsaya kusa da giwa ya ga girmanta da idonsa, zai yi wuya ya girma bai damu da ko ta ƙare a Yankari ba.

Saboda haka ba daidai ba ne a haɗa kowane wuri a yi masa kuɗin goro. Ita Dubai ɗin ma ta nuna bambancin. Tsohon gidan namun dajinta na Jumeirah ɗan matsattsen wuri ne da aka daɗe ana kuka da shi. An rufe shi a 2017, aka kwashe dabbobin zuwa Dubai Safari Park mai faɗin hekta 119, wanda ake rufewa a watannin tsananin zafi don dabbobin su huta. Gari ɗaya, amma wuri biyu ba ɗaya ba.

To yaya mai iyali zai gane? Ni dai ina ganin tambaya uku sun isa. Ta farko, daga ina dabbar ta zo, haifarta aka yi a nan ko kamo ta aka yi daga dawa? Ta biyu, tana da ikon juya maka baya? Wurin kirki yakan bar wa dabba inuwa da lungun da za ta ɓuya, ko da kai mai tikiti za ka koma gida ba ka gan ta ba. Idan ka ga zaki yana zarya a layi ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa ba tsayawa, masana sun ce alamar ƙunci ce, ba motsa jiki yake yi ba. Ta uku, abin da take yi halinta ne, ko an tilasta mata? Raƙumin dawa ya miƙo wuya ya ci ganye, halinsa ne. Giwa ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan kujera, ko biri ya tuƙa keke sanye da riga, wannan sai an karya wani abu a cikinsu tukuna.

Kada kuma mu tafi da cewa matsalar Larabawa da Turawa ce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Gardawan da ke zuwa garuruwan kudu da kura a takunkumi da gwaggon biri a sarƙa, mu ne ke zagaye su muna jefa musu kuɗi. Shanun da ake lodowa daga arewa a tirela, su kwana biyu ko uku a hanya a tsaye, wasu ba ko ruwa, a kararmu ake sauke su. Kajin da ake ratayewa kai a ƙasa a bayan babur, a kasuwarmu muke saye. Mu da yawancinmu dabba ce ta kawo kakanninmu kudu, ita ce kuma ta gina gidajen da muke ciki, mun fi kowa cancantar sanin haƙƙinta. Mutumin da ya ji tausayin dolfin a Dubai amma bai shayar da ragon da ya ɗaure a rana a ƙofar gidansa ba, tausayin nasa na hoto ne.

Ba cewa ake yi a hana yara zuwa ba. A kai su, amma a zaɓi inda za a kai su, a bincika kafin a sayi tikiti. Idan aka zo rumfar da ake miƙo ɗan zaki don hoto, yaro ya fara kuka sai ya riƙe shi, a durƙusa a gaya masa dalili: wannan ma yana da uwa, kuma tana nemansa. Zai yi fushi na awa ɗaya. Amma cikin duk tsarabar da za a dawo da ita Sabo, wannan maganar ce za ta fi daɗewa a hannunsa.