Haƙƙin Ɗan Gudun Hijira a Kan Musulmi

Tun ran 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin Sudan da rundunar RSF, mutane fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu. Waɗanda suka tsira daga kashe-kashen garin Junaina a Darfur suka tsallaka da ƙafa zuwa Adire, cikin ƙasar Cadi. A watan Agusta 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam, aka kuma ba da sanarwar ɓullar cutar amai da gudawa a Sudan. To, shin taimakon waɗannan bayin Allah alheri ne da mutum zai yi in ya ga dama, ko kuwa bashi ne a wuyansa?

Lalle shari'a ba ta bar shi ga ganin dama ba. Suratut Tauba ta sanya matafiyin da guzuri ya yanke masa cikin mutum takwas masu haƙƙin zakka, ko da kuwa mawadaci ne a garinsu. Malaman fiƙihu kuma sun ce ceton ran da ke bakin halaka farilla ce ta kifaya, watau in wasu sun tsaya da ita ta sauka daga kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Wannan farilla ba ta tsaya ga hatsi ba. Sa'ad da Muhajirai suka isa Madina zazzaɓi ya kwantar da su, har da Sayyidina Abubakar da Bilal, Allah Ya yarda da su. A yaƙin Handaƙ kuma, cikin hemar Rufaida, a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu. Ashe jinya ibada ce tun farko. Amai da gudawa na iya kashe yaro cikin yini guda, alhali ruwa mai tsabta da gishiri da sukari sukan cece shi. Rijiya da masai da allurar ƙyanda a sansani duk ceton rai ne.

Mai yiwuwa wani ya ce Cadi matalauciya ce, ga kuma 'yan hijirar Darfur da take riƙe da su tun 2003. Gaskiya ne, Allah ba Ya ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa. Amma gazawar na kusa ba ta kayar da farillar, sai dai ta matsa kan na nesa mai hali. Kuma ba a tambayar majinyaci ƙabilarsa ko addininsa, domin Najjashi yana Kirista ya karɓi Sahabbai a Habasha.

Saboda haka attajirin da ya sauke faralin Hajji, yake shirin nafila, ya kamata ya auna: farilla tana gaban nafila. Allah Ya kashe wutar fitina, Ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.